Kunkurun Inna da Igiyar da Kika Bari

Zuwa ga ɗiyata Uwani, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki da ta sauke ki da mutanen gidanta baki ɗaya. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare ki a inda kika sa gaba. Uwarki tana gaishe ki. Damina ta zauna, hatsi ya kai gwiwa, bisashe sun fara murmurewa. Iyakar labarin gida da za ki samu a wurina ke nan, don ba labari ya zaunar da ni ba.

Raina a ɓace yake, Uwani, kuma ba zan ɓoye miki ba. Sau ɗaya muka taɓa maganar nan a salula, kin kuwa ga yadda ta ƙare. Ni ina ihu kamar ina ciniki a kasuwar bisashe, ke kin yi shirun nan naki mai ƙona rai har na gaji, sannan kika ce, “To Baba, Allah ya ba da haƙuri,” aka kashe waya ba a yi komai ba. Shi ya sa na tono ɗan bokon da na kwaso a lakkwal kafin ubana ya cire ni ya sa ni dillanci. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri da shi, amma ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake mini ko layi ɗaya.

Ke kika ɗauke Baƙo, kunkurun Inna. Ranar kasuwa ce, ina can ina fama da masu shanu, uwarki ta tafi suna Birnin Lalle, tsohuwa tana barcin rana. Kika kira Illo mai amalanke, kika sa wuƙa kika yanke igiya, kuka cicciɓi Baƙo ku biyu kuka lulluɓe shi da buhu kamar kayan sata, kuka kai wa malaman daji. Su kuma suka sa shi a mota suka yi arewa da shi, suka sake shi a gandun da ake tsaron namun daji. Illo bai iya riƙe magana ba, tun ban gama tsare shi da ido ba ya zazzage mini komai.

Ga abin da ba ki sani ba, ko kika sani kika kau da kai. Kakarki, uwata, wadda kika ci sunanta, wadda saboda ita bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, kullum in ta sallame sallar asuba sai ta ɗaga hannu ta yi wa ɓarawon kunkurunta Allah ya isa. Ba a ɓoye take yi ba, duk gidan ana ji. “Wanda ya shigo mini gida ya raba ni da Baƙo, Allah ya isa tsakanina da shi. Kada ya ga sa'ar hanya. Duk inda ya nufa ya tarar da ƙofa a rufe.” Haka take cewa, ni ina zaune a kan buzu a bakin ɗakina, gumi na keto mini da sanyin safiya. Ita tana zaton wani mai tallar maganin gargajiya ne, wanda ya taɓa zuwa yana taya ƙoƙon bayan kunkurun. Ba ta san takwararta take yi wa baki ba. Ke kuma kin samu bursu, tallafin karatu, takardunki sun kusa fitowa, za ki hau jirgi ki tafi ƙasar kurmi karatun namun daji na shekaru, da bakin tsohuwar da ta haura tamanin a bayanki. Wannan shi ya hana ni sukuni, ba kunkurun ba.

Bari in tuna miki ko wane ne Baƙo a gidan nan, tun da karatu ya sa kin manta. Ubana ya tsinto shi a dajin Tagiris yana dawowa daga sayen raƙuma, ni ko kaciya ba a yi mini ba, shi kuma bai fi ludayin shan fura girma ba. A jakar fata ya kawo wa Inna shi. Mutanenmu sun ɗauka gidan da ke da kunkuru sammu ba ya shigarsa, kuma masu gidan kan yi tsawon rai. Ni ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne, na dai tashi na tarar ana yi. Da ya ɗan tasa aka huda gefen ƙoƙon bayansa aka zura igiya aka ɗaure a turken rumfar Inna. Ita ta raɗa masa Baƙo, wai ya zo kwana biyu ya ƙi tafiya. Ubana ya rasu, ƙannena sun watse, ɗakunan ƙasa sun koma na siminti, Baƙo yana nan, har ya kai ke da yayyenki kuna hawansa kuna cewa jakinku ne.

Da yanar ido ta rufe wa Inna gani, igiyar nan ta zama jagorarta. Kin sani sarai. Safe da yamma sai ta lallaɓo ta kama turke, ta bi igiya da hannu a sunkuye har ta iske shi, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ba shi harawa da ɓawon kankana, tana shafa bayansa tana ba shi labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu. Mu duk mun fita neman abinci, wa ke da lokacin zama ya saurari tsohuwa? Shi ke saurarenta. Ranar da kika yi aikinki, ta tashi da la'asar ta bi igiya kamar kullum, ta bi, ta bi, sai ga bakin igiya a hannunta, yankakke. Haba Uwani! Ko igiyar ma ba ki iya kwancewa kin kawar ba? Na dawo daga kasuwa na tarar da uwata tana rarrafe a tsakar gida, tana laluben ƙasa tana kiran sunan kunkuru.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa washegari ya faru. Da za ki tasha kika shiga ɗakinta sallama, ina tsaye a bakin ƙofa, a lokacin ban san komai ba. Ta riƙe hannunki tana kuka tana cewa, “Takwara, kin ji abin da aka yi mini?” Kika ce, “Na ji, Kaka. Ki yi haƙuri, wataƙila inda yake ya fi masa nan.” Ji fa! Har na ji daɗi a raina, na ce yarinyar nan ta iya lallashi. Ta tofa miki addu'a a ka, ta kwance bakin zanenta ta ba ki goron tafiya, kika karɓa hannu biyu kika fita idonki a bushe. A ina kika koyo wannan? A gidana dai ba a koya miki ba, in kuma a jami'a ake koyarwa, to tir da wannan darasi.

Da na tsare ki a waya kin jero mini hujjoji, kuma ina riƙe da su, don ni ba kurma ba ne. Kin ce irin wannan babban kunkurun na ƙasarmu ya kusa ƙarewa a daji, kuma cikin masu ƙarar da shi har da mu masu ɗaurewa a gida, don ɗaurarre ba ya haihuwa. Kin ce Baƙo namiji ne, kin gane da lotsewar cikinsa da 'yan ƙahonin da ke ƙarƙashin wuyansa, kuma can gandun an tara mata babu isassun maza. Kin ce tudun-tudun da ke bayansa, waɗanda muke cewa ado ne, illar guntun tuwo ce da dusar da muke tura masa, shi abincinsa ciyawa. Kin ce ramin da yake haƙawa a daji ya fi tsawon mutum nesa, a ciki yake ɓuya duk bazara, har bushiya da damo sukan raɓa su tsira daga rana. Kin ce da gangan kika jira saukar damina don ya tarar da ɗanyar ciyawa da ƙasa mai taushi. To na ji. Ban ƙaryata ki a ko ɗaya ba. Tambaya guda na yi miki: me ya hana ki zauna gaban kakarki ki faɗa mata wannan duka? Kika ce ai ba za ta gane ba. Nan ne na fara ihu.

Ba za ta gane ba! Matar da ta tashi cikin garke, ta tatsa, ta karɓi haihuwar akuya da ta mutum, ta haifa ta binne, ita ce ba za ta gane an raba namiji da 'yan'uwansa ba? Ba ki gwada ba, Uwani. Tsoro kika ji kada ta ce a'a, sai kika fake da ilimi. Ni na haife ki, na san fuskarki in kina jin tsoro.

Kada ki ɗauka wani waliyyi ne ke miki faɗa. A kan kunkurun nan ni ma ina da nawa. Duk shekara in zafi ya kunno kai, Baƙo sai ya kama tonon gindin katanga, yana watsa ƙasa da ƙafafun nan nasa kamar mai haƙar rijiya. Ni kuma in zo in cika ramin da duwatsu ina zaginsa, ina cewa zai kayar mini da gini. Wata shekara har siminti na sa aka zuba a wurin. Ya yi ta kartar simintin nan har faratansa suka yi jini, na ce taurin kai ne. Ashe sanyi bawan Allah ke nema, rana ke dafa shi a cikin ƙoƙonsa. Shekara da shekaru ina kallonsa ban taɓa tambayar kaina me yake so ba, sai da kika je lise, babbar sakandare, kika dawo hutu kika faɗa mini, na kuma ce ki rufe mini baki. Wannan wautata ce, kuma na san tana cikin abin da ya sa kika ƙi sake tambayar kowa. To ki ji: a inda za ki, in dabba ta nace wa abu ɗaya, ki tsaya ki duba kafin ki ce mugun hali ne. Kuma in babba ya ce ki rufe baki, ki rufe ranar, ki dawo da maganar washegari. Sau ɗaya tak kika faɗa mini. Ni dillali ne, sana'ata ke nan a ce mini a'a da safe in sa a ce i da yamma, kuma a gabanki nake yi tun kina ƙarama.

Amma babbar wautata ba wannan ba ce. Waccan ba a haife ki ba, uwarki ma amarya ce lokacin. Shekarar wani fari ne, ciyawa ta ƙare tun kaka, bisashe suna faɗuwa a bakin rijiya. Ubana yana da wani jan bijimi mai manyan ƙaho, ɗan saniyar da ya gada, ba ya haɗa shi da komai. Shi kuma yana kwance, ƙafa ta kumbura. Na dubi bijimin nan na ga haƙarƙarinsa sun fito, na san in aka ƙara ɗan lokaci ko mahauci ba zai kalle shi ba, ga rumbu ya kusa ƙasa. Na san in na tambaya tsoho zai ce a bari a ga abin da Allah zai yi. Sai na kora shi Kornaka ranar kasuwa na sayar, na auno hatsi na ajiye a gidan abokina ina kawowa kaɗan-kaɗan. Na dawo na ce wa tsoho bijimi ya ɓace a wurin kiwo.

Hatsin nan shi ya fitar da mu shekarar, wannan ko yau zan faɗa. Shanun da aka bari a unguwarmu kaɗan ne suka ga damina. Ta wajen dabara ban yi kuskure ba. Amma tsoho bai zauna ba. Ya sa aka ɗora shi a jaki da kumburarriyar ƙafa yana bin rugage yana cigiya. Zarginsa ya faɗa kan wani Bafillace amininsa, wanda suka yi shekaru suna ba juna amanar dabbobi, ya je har rugarsa ya faɗa masa magana marar daɗi a gaban 'ya'yansa. Mutumin ya kwashe ya bar yankin, ba su sake gaisawa ba. Ina ji ina gani na yi gum, kullum ina cewa gobe zan faɗa. Daga baya wani dillalin Kornaka ya zo duba tsoho, cikin hira ya ce, “Ai jan bijimin nan naka da ɗanka ya kawo mana, har kudu aka kai shi.” Ina wurin, ni ke zuba musu shayi.

Tsoho bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da mutumin ya tafi ya ce, “Da ka faɗa mini, da na yi fushi kwana biyu na haƙura. Yanzu wa zai je ya ba Bafillacen nan haƙuri, a ina ma za a same shi?” Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma daga ranar, in yana son a duba masa dabba ko a kai saƙo, ƙanena yake kira, ko ina zaune a gabansa. In na kawo labari daga kasuwa sai ya juya ya tambayi wani, “Haka ne?” Har ya koma ga Allah haka muke. Ba sayar da bijimin ya jawo mini ba, ƙaryar ce da shirun da na yi bayanta. Saboda haka in na ce miki gaskiyarki a kan kunkuru ba za ta wanke ki ba, na san abin da nake faɗa.

Aikin da kika zaɓa, duk rayuwarki haka za ki yi ta tarar da dabba a hannun mutane. Can kurmin da za ki, kin ce akwai manyan birai da giwaye da aku iri-iri. To ki sani kowanne cikinsu akwai mutanen da suke zaune da shi tun kafin a haifi malaman da za su koya miki. Wani yana ci, wani yana tsoro, wani yana girmamawa, wani giwa ta tattake masa gona 'ya'yansa suna kwana da yunwa. Za ki zo musu da takarda da doka da mota, kuma sau da yawa ke ce mai gaskiya. In kika saba da shiga ta bayan gida don kin fi su sani, wallahi za ki ceci dabba ɗaya ki tara wa sauran maƙiya gari guda. Ki shiga ta ƙofa, ki yi sallama, ki zauna a tabarmarsu, ki sha ruwansu, ki faɗi abin da ya kawo ki da bakin da za su ji. In sun ƙi, ki koma. In ta kama dole sai an ɗauka da ƙarfin hukuma, a ɗauka kowa yana gani kina tsaye a wurin, wanda zai zage ki ya zage ki ya huce. Kuma kada in sake jin kalmar nan a bakinki, wai ba za su gane ba. Ke ce kika yi ƙyuyar bayani.

Na je na gan shi, in ba ki sani ba. Na bar ciniki na hau moto mai ƙafa biyu na yi arewa, da sabuwar igiya a ɗaure a baya, don niyyata in dawo da shi ko ana ha-maza-ha-mata, in ya so a kulle ni. Wani malamin daji, mutumin kirki, ya dubi furfurata bai yi mini gardama ba, ya ce in zo in gani da idona tukuna. Muka taka cikin ciyawa har wani gangare mai aduwa da farar ƙaya. Ga jar ƙasa an turo waje tuli guda, ga bakin rami ya isa mutum ya cusa kai da kafaɗa. Malamin ya ce, “Aikin mutuminku ne.” Muka zauna a inuwa muna jira. Da rana ta yi sanyi sai ga shi ya turo kai, ya fito duk jikinsa ƙasa, ga hudar nan a gefen bayansa babu igiya. Ya miƙe ƙafafu ya ɗaga jikinsa sama, ya kama tafiya da wani sauri da ban taɓa sanin yana da shi ba, yana fizgar ciyawa hagu da dama. Shekarun nan duka iyakar tsawon igiya na san tafiyarsa. Na ce, “Baƙo!” Ko waiwaye. Malamin ya nuna mini wani sawu ƙarami kusa da ramin, ya ce mace ce ta fara zagayawa.

Na daɗe a tsugune. Sannan na tashi na kaɗe riga na hau moto, na dawo da igiyata yadda na je da ita. Ba zan iya sake ɗaure shi ba, ko Inna ce ta ce in ɗaure. Kin ji na faɗa, wurinsa ke nan. Kada kuma ki yi mini murmushi, don a hanyar dawowa fushina ninkuwa ya yi. Abu mai kyau haka! Da kin bi ta ƙofa, da mun ɗauki tsohuwa a mota mun kai ta, ta shafa bakin ramin da hannunta ta yi masa sallama. Shi kika mayar sata. Kin ƙwace mata kunkuru, kin kuma ƙwace mata ladan sakinsa, kuma ke da kanki kin san ba ki da wannan hurumin.

Uwarki ta ce in faɗa wa Inna kawai a huta. Wani lokaci kuma ta ce in ce malaman daji ne suka zo da doka, kada a ambaci sunanki. Na ƙi duka biyun. Ƙarya dai na gama yi wa iyayena ita. Gaskiyar kuma ba tawa ba ce, taki ce, ba zan ɗauke miki ita ba. Inna kuwa ta rage cin abinci, furar ma sai an yi da gaske take kurɓa. Ta daina fitowa rumfa, ta ce me za ta fito yi.

Yau da asuba abin ya kai inda ya kai, shi ya sa na zauna rubutun nan. Ta sallame, ta fara da ke kamar yadda ta saba. “Allah ka kai takwarata lafiya, ka buɗe mata ƙofofi, ka haɗa ta da mutanen kirki.” Na ce amin da ƙarfi. Ba ta sauke hannu ba ta juya kan ɓarawo, kada ya ga sa'ar hanya, ƙofa ta rufe masa. Na yi shiru kamar kullum. Sai ta tsaya. Ta juyo da fuskarta wajen da nake, ta ce, “Kai ɗan nan, tun da aka ɗauke Baƙo ban taɓa jin amin ɗinka a kan wannan ba. Uwar 'ya'yanka ma haka.”



Ta ce, “Ka san shi.”

Na ce, “Na san shi, Inna.”

Ta ce, “Na gida ne?”

Na ce, “Na gida ne.”

Ina jira ta ce wane ne, kuma wallahi da ta tambaya da na faɗa. Ba ta tambaya ba. Ta sauke hannuwanta a hankali ta ɗora a cinya. Can ta ce, “Innalillahi. Ashe duk kwanakin nan jinina nake zuba wa wuta, kuna zaune kuna kallona.” Ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da ubana ya rasu. Da ta natsu ta ce, “Na kama bakina daga yau. Amma abin da ya riga ya fita, ba na iya janye shi a bayan idon mai shi. Ya zo ya durƙusa nan, in ji muryarsa, in dafa kansa, in yafe. Ka ce masa kada ya daɗe, ni ba ta zama ba ce.”

To kin ji. Ba ni da sauran wa'azi. Motar Maradi tana tashi daga Yamai kullum, daga Maradi zuwa Dakoro kuma ba a rasa mota. In takardunki za su makara, su makara. In jirgin zai tashi ya tashi, wani zai zo. Karatun shekaru za ki, kuma ba sai na faɗa miki ba, ba lalle tsohuwar nan ta jira dawowarki ba. Ki zo da bakinki da bayanin nan naki duka, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, ni zan ƙara da abin da idona ya gani. In kuma kika zaɓi ki wuce ba ki zo ba, ba zan yi miki baki ba, ni ubanki ne. Amma kada ki kira ni daga filin jirgi ki ce in sa miki albarka, don ban san yadda zan ɗora tawa a kan abin da uwata ba ta sauke ba.

Allah ya shirye ki, ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Allah ya sa ki gama karatunki lafiya, ki amfani mutane da dabbobin nan da kike so. Allah ya kawo ki Dakoro lafiya, ya sa ki tarar da ita da ranta. Amin.

Ni ne ubanki,
Isa.